Idon da Ke Falon Alhaji Labaran

Shekara talatin da biyu Alhaji Labaran Yahaya ya yi a sashen ajiye fayilolin sirri na sakatariyar jiha, kuma har ya ajiye aiki ba a taɓa jin cewa takarda ɗaya ta fita daga ɗakinsa ba tare da an sa hannu ba. Ya san wanda aka taɓa yi wa gargaɗi, da wanda ya rage shekarun haihuwarsa, da wanda matarsa ta kawo ƙararsa ofis, amma ko a gida bai taɓa furta sunan kowa ba. Wata takwas bayan ritayarsa, yana alwalar azahar a tsakar gidansa da ke Unguwar Sarki, sai buta ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun hagu ya ƙi motsi.

Shanyewar ɓarin jiki ce, amma abin ya zo da sauƙi. Ƙafar ta dawo cikin wata biyu, bakin da ya ɗan karkace ya miƙe. Hannun ne ya tsaya inda ya tsaya. Yakan ɗagu zuwa daidai cibiya, daga nan sai ya yi rawa ya faɗo. Likitar gashin ƙashi ta ba shi atisaye, ya riƙa hawa bango da yatsu, ya riƙa matsa ƙwallon roba. Ya yi mako guda ya watsar. Ya ce wa matarsa, Hajiya Balaraba, shi ba zai tsaya gaban bango yana shafa shi kamar wanda ya zautu ba. Hajiya ta yi shekara ashirin tana shugabantar wata makarantar firamare a Abakpa, ta san hanyoyin sa mai taurin kai ya yi abin da ba ya so, amma babu ɗaya da ta ci a kan mijinta.

Autarsu Nusaiba, wadda ke aikin kwamfuta a wata ma'aikata kuma take aure a nan Abakpa, ita ce ta shigo wata Asabar da hantsi ɗauke da ƙaton kwali. A ciki akwai wani baƙin akwati mai faɗin tire, da wani abu siriri mai tsawon kamu ɗaya, da idanun gilashi uku a gabansa. Ta ɗora siririn a saman talabijin, ta ce sabuwar na'urar gem ce, wato wasan talabijin, ba a riƙe komai a hannu, da jiki ake buga ta, kuma likitar da kanta ta ce akwai masu irin larurarsa da abin ya taimaka wa. Alhaji ya tambaye ta ko ta manta shekararsa sittin da uku. Ta ce ba ta manta ba, ya bari dai ta haɗa.

Haɗawar ba ta zo da sauri ba. Na'urar ta ƙi yin komai sai an sada ta da intanet ɗin gidan, da aka sada ta kuma ta ce sai ta sauke wasu gyare-gyare tukuna. Tun hantsi ake jira har aka yi la'asar. Alhaji ya ce bai taɓa ganin abin da aka ciro sabo fil daga kwali kuma yana neman gyara ba. Daga baya wani dogon rubutu ya fito, Nusaiba ta danna alamar amincewa ba tare da ta karanta ba, ta ce wa mahaifinta ya tashi ya tsaya a tsakiyar falo.

Ya tsaya, da jallabiyarsa, yana ɗan haɗe rai. Da farko kansa ya gani a talabijin kamar a madubi. Sai wasu ɗigo-ɗigon haske suka fito a jikin hoton, ɗaya a kowace gaɓa, kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu da ƙugu da gwiwa, layuka suka haɗa su, ga ƙwarangwal ɗinsa tsaye a cikin jallabiya. Ya motsa ɗan yatsa, ɗigon ya motsa. Na'urar ta nemi ya ɗaga hannuwa biyu. Ya ɗaga iya yadda zai iya. Layin hannun hagu ya koma ruwan ɗorawa, rubutu ya fito cewa wannan hannun ba ya kai inda ɗan'uwansa ke kaiwa, za a daidaita wasan da shi. Alhaji ya waiwayi Nusaiba ya tambaye ta ko ita ta gaya mata. Ta girgiza kai.

A gefen hoton akwai lamba tana canzawa, tamanin da shida, tamanin da takwas. Nusaiba ta ce bugun zuciyarsa ne. Duk lokacin da zuciya ta harba jini, launin fatar fuska yakan ɗan sauya yadda idon mutum ba zai gani ba, amma wannan idon yana gani. Alhaji bai yarda ba. Ya sa yatsu biyu a wuyansa, ya dubi agogon bango, ya ƙirga na minti guda cur. Lissafinsa ya zo daidai da na talabijin.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Daga can inda take."

A daidai lokacin Hajiya Balaraba ta shigo da jug ɗin zoɓo. Wani ɗan akwatin haske ya zagaye fuskarta a talabijin, na'urar ta tambayi ko wace ce wannan. Nusaiba ta rubuta sunan mahaifiyarta tana dariya. Hajiya tana ta zuba zoɓo, ba ta ma lura ba.

Wasan da Alhaji ya ɗauka na tuƙa kwale-kwale ne a wani kogi mai duwatsu da dogayen itatuwa. Ana tuƙi da hannu biyu, in ɗaya ya gaza sai jirgin ya riƙa juyawa wuri guda. Ranar farko ya yi ta zagaye a bakin gaɓa har Hajiya ta koma kicin don kada ya ga tana dariya. Amma abin ya shige shi. Kullum bayan ya karya kumallo sai ya tuɓe riga ya bar singileti, ya ture teburin tsakiya da ƙafa, ya tsaya. Da ya shigo falon na'urar take gaishe shi da sunansa da Turanci. Bai taɓa amsawa da baki ba, amma yakan ɗan gyaɗa kai. A mako na uku jirgin ya wuce kwanar farko. A mako na biyar Hajiya ta ga ya miƙa hannun hagu ya ɗauko hularsa daga kan firji, shi kansa bai san ya yi ba. Ta je ɗaki ta yi raka'a biyu.

Sai aka yi wani ruwa da iska a tsakiyar damina, wanda ya kayar da turakun waya a layinsu. Wuta ta dawo washegari, amma intanet bai dawo ba. Rana ta biyu Alhaji ya tsaya a tsakiyar falo da singiletinsa, na'urar ta gaishe shi kamar kullum, sannan ta ƙi buɗe kogin. Rubutu ya ce an wuce awa ashirin da huɗu ba ta gana da kamfaninta ba, don haka an rufe wasanni har sai ta gana. Ya kira Nusaiba a waya. Ta ce haka aka ƙera ta, sau ɗaya a kowace rana sai ta tuntuɓi kamfanin ta intanet don a tabbatar ba wasan sata ake bugawa ba. Ya tambaya ko ba saye aka yi ba. Ta ce saye ne. Ya ce to faifan wasan ga shi a ciki, wuta ga ta, shi ga shi a tsaye, me kuma ake jira daga wata ƙasa?

"Nusaiba, ma'aikaci shi ke sa hannu a rajistar zuwa aiki kullum, kuma a ofishin ubangidansa yake sawa. Wannan abin da kika kawo, wa yake yi wa aiki, mu ko su?"

Ta ce za ta zo ran Asabar su yi magana. Kwana uku jirgin yana rufe. Da intanet ya dawo, na'urar ta yi ɗan shiru na daƙiƙa biyar, ta buɗe komai kamar ba abin da ya faru. Alhaji ya tsaya yana tunanin abin da za a iya faɗa cikin daƙiƙa biyar.

Kafin Asabar ɗin ta zo wani abu ya faru. Ranar Alhamis da safe Alhaji ya bar talabijin a kunne ya shiga wanka. Hajiya ta tsefe kanta tana jiran mai kitso, ta shigo falo da ɗaurin ƙirji za ta ɗauki kofunan shayi. Babu kowa a gidan sai su biyu, ƙofar waje a kulle. Tana tsakiyar falon sai wata murya ta ce mata barka da zuwa, ta kira sunanta, Balaraba, da wani irin lanƙwasa harshe. Ta ɗago ta ga kanta a talabijin, gashi a baje, kafaɗu a waje, ɗan akwatin haske zagaye da fuskarta. Ta fizgi hiramin Alhaji daga kan kujera ta rufa, ta fita da baya. Tun da ta yi aure babu namijin da ba muharraminta ba da ya ga gashin kanta, kuma ba ta san ko yanzu ma hakan yake ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta jira ya fito daga wanka ta gaya masa, sannan ta tambaye shi abu guda, wato idan abin nan yana magana da masu shi kullum, me yake gaya musu? Alhaji ya ce bai sani ba. Wannan amsar ta dame shi fiye da yadda ta dame ta. Ya sake kiran Nusaiba ya ce dogon rubutun nan da ta danna ranar farko, ta bugo masa shi a takarda, duka, kada ta bar shafi ɗaya.

Ta aiko a ranar, shafi arba'in da bakwai ne. Ya sa su cikin jakar fayil, ya ɗauko jan biro, ya zauna a baranda kwana biyu yana karantawa kamar yadda yake karanta takardun ofis, yana jan layi a ƙarƙashi, yana rubutu a gefe. Ya samu inda aka ce na'urar tana sauraro ko da tana hutawa, don ta ji in an kira ta. Ya samu inda aka ce za a iya ajiye murya, da siffar fuska, da awon jiki, da gajerun bidiyo na lokacin wasa, a rumbunan kamfanin a duk ƙasar da suka ga dama, kuma za a iya ba abokan hulɗa wasu daga ciki. Ba a faɗi sunan abokan hulɗar ba. A gefen wannan layin ya rubuta, su wa?

Abin da ya ba Hajiya mamaki shi ne ba fushi ta gani a fuskarsa ba. Ya ajiye biron ya ce mata a ɗakinsa na sakatariya fayil dubu goma sha ɗaya yake kula da su, shi da ma'aikata shida, kuma in aka nemi tsoho guda wani lokaci sai a yi kwana biyu ana tonon ƙura. Waɗannan mutanen suna da fayil a kan kowane mutum da ya tsaya gaban idon nan a duk duniya, miliyoyi, kowane ana ƙara masa shafi kullum, har da bugun zuciya, kuma babu ɗan aike ko ɗaya da ke ɗaukar takarda. Ya ce ya kwana yana ƙoƙarin hango girman ɗakin ajiyarsu, hankalinsa ya kasa. Hajiya ta ce ita ba girman ɗakin ya dame ta ba, wanda ke riƙe da makullinsa ne.

Ran Asabar Nusaiba ta zo. Alhaji ya ce ta buɗe masa fayil ɗinsa, in ana iya gani. Ta shiga wani sashe da ba su taɓa shiga ba. Akwai zane mai nuna yadda hannun hagu ya riƙa ɗaguwa rana bayan rana, layi yana hawa a hankali, da ɗan gangare a kwana ukun da aka rufe wasan. Akwai awannin da ya yi a tsaye. A ƙasa kuma akwai jerin ƙananan bidiyo goma sha huɗu da na'urar ta ɗauka da kanta duk lokacin da ya ci wani mataki, kowane da alamar cewa an aika da kwafinsa.

Yawancinsu Alhaji ne shi kaɗai yana tuƙa iska da singileti. Na tara ne daban. Ranar da ya fara kai jirgin ƙarshen kogin ce. A bidiyon ya sauke hannuwa, ya ja da baya ya zauna a hannun kujera yana haki, sai fuskarsa ta yamutse ya fara hawaye. Hajiya ta shigo hoton daga gefe, ba ɗankwali, hannunta da garin tuwo. Ta goge hannun a zane, ta kama kansa ta jingina da jikinta, tana shafa masa ƙeya tana faɗin wani abu ƙasa-ƙasa. Daƙiƙa ashirin ne duka.

Nusaiba ta sunkuyar da kai, domin ba ta taɓa ganin mahaifinta yana kuka ba, ba ta kuma taɓa ganin iyayenta sun taɓa juna ba. Ta kai hannu za ta kashe, Hajiya ta ce ta sake sa shi. Aka sake. Ta matso kusa da talabijin tana kallon matar da ke ciki, da furfurar da ke gaban goshinta, da yadda hannunta ya san inda zai sauka. Shekara talatin da takwas suna tare, ba ta taɓa sanin haka suke ba in an gan su daga waje. Ta sa aka maimaita sau uku.

"Ashe haka muka tsufa, Alhaji," ta ce. Sannan ta juya ga 'yarta. "Goge shi."

Nusaiba ta ce za ta iya tura mata kwafi a waya kafin ta goge. Hajiya ta ce a'a, ta riga ta gani. Da aka danna gogewa, rubutu ya fito cewa za a cire shi daga rumbun kamfanin cikin kwana talatin. Hajiya ta tambayi yadda za a tabbatar. Nusaiba ta ce babu hanya. Alhaji ya ce shi ya sha sa hannu a takardar da ke cewa an ƙone fayil, kuma ya san sau nawa kwafi ke saura a wata durowa. Nusaiba ta fara ba da haƙuri, ta ce laifinta ne da ba ta karanta ba, za ta kwashe kayan ta mayar cikin kwali yau ɗin nan.

Hajiya ce ta hana. Ta ce hannun da ya ɗauko hula daga kan firji ba za a mayar da shi cikin kwali ba. Amma kuma ita ba za ta zauna tana sa hijabi a falonta ba. Aka rasa yadda za a yi, aka cire wayar wutar na'urar daga bango, aka bar maganar.

Kwana biyu bayan haka Malam Sharhabil ya zo duba Alhaji. Abokinsa ne tun suna samari, yana da makarantar allo da ta littattafai a Unguwar Kanawa, kuma shi Alhaji ke kai wa duk tambayar da ta shige masa duhu. Bayan sun gaisa Alhaji ya kwashe labarin ya gaya masa, ban da abin da ke cikin bidiyo na tara. Malam ya ce ba zai yi magana a kan abin da bai gani ba. Aka sanar da Hajiya ta zauna a ciki, aka mayar da waya, Malam ya tsaya a tsakiyar falo da rawaninsa da babbar riga.

Ɗigon hasken suka fito masa, suka gano gwiwoyinsa a ƙarƙashin duk wannan yadi. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Ya lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya yana kallon ƙwarangwal ɗin yana bin sa. Ya ɗan rusuna kamar mai ruku'u, ya ga layin bayansa ya karkata inda ya daɗe yana masa ciwo. Ya yi tasbihi a hankali. Ya ce shekara arba'in yana karantar da yara cewa gaɓoɓin mutum za su ba da shaida a kansa, bai taɓa zaton zai ga abin da ɗan Adam ya ƙera yana karanta gaɓoɓi tun a duniya ba. Ya ce in wannan ilimin halitta ne, wanda aka ba ta ɗan kaɗan, to mutum ya yi tunanin na Mahalicci. Ya daɗe a tsaye kafin ya zauna.

Da Alhaji ya tambaye shi hukunci, Malam ya ce shi bai ga haramci a wasan ba, tunda magani ne. Amma shari'a ta sa neman izini kafin shiga gida ne saboda ido, ba saboda ƙafa ba. Ya tambayi wanda ya ba wannan idon izini. Alhaji ya ce Nusaiba ce ta danna. Malam ya ce Nusaiba gidanta yana Abakpa.

"Wadda falon yake nata ba a tambaye ta ba," ya ce. "Baƙo ne wannan, Alhaji, kuma baƙo mai amfani. Amma ni da na fi shi daɗewa da kai, ka taɓa ganin na wuce ɗakin waje ba tare da an yi mini iso ba?"

Ɗakin wajen wani ɗan ɗaki ne da ke jikin get, mai ƙofa ta waje, inda Alhaji ke karɓar baƙi maza kafin ciwon ya sa ya koma ciki. Da aka gaya wa Hajiya za a mayar da na'urar can, ta ce ta yarda, da sharaɗin ana gama wasa a cire waya daga bango. Mijin Nusaiba ya zo ya ja waya, aka kai wata tsohuwar talabijin can. Alhaji ya zana wurin tabarmar da zai tsaya a kai da alli a siminti, don idon ya riƙa samun sa daidai.

Bai bar maganar a nan ba. Ya zauna ya rubuta wa kamfanin wasiƙa irin ta ofis, da lamba da kwanan wata da take a sama. Ya yaba musu da aikin da ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ya gaya musu inda hannunsa yake da inda ya kai. Sannan ya jero tambayoyi huɗu. A wace ƙasa fayil ɗinsa yake, wane jami'i ne ke sa hannu kafin a buɗe shi, su wane ne abokan hulɗa, kuma me ya sa abin da mutum ya saya zai daina aiki don iska ta kayar da turke a Unguwar Sarki. Nusaiba ta buga ta aika ta imel yana zaune kusa da ita. Kafin ya mayar da murfin bironsa amsa ta shigo. An gode masa, an ce ra'ayinsa yana da muhimmanci, an ba shi lamba mai tsawo. Babu sunan kowa a ƙasa. Ya sa ta karanta masa sau biyu, ya tambaya ko akwai mutumin da ya karanta tasa. Ta ce da wuya. Ya girgiza kai, ya ce a zamaninsa amsa mafi sauri da ya taɓa gani kwana huɗu ta yi, amma akwai wanda za ka je ka tsaya a gaban teburinsa.

Wajen wata biyu bayan haka, wata safiya, na'urar ta sauke sabon gyara, ta fito da sanarwa. Kamfanin ya janye dokar awa ashirin da huɗu. Daga yanzu ana iya wasa ba intanet, ana kuma iya hana ɗaukar bidiyo. Alhaji ya kira Nusaiba ya ce sun karanta wasiƙarsa. Ta ce masa mutane ne da yawa a ƙasashe daban-daban suka yi ta ƙorafi tun fitowar na'urar, har wasu suka ƙi saye. Ya ce to, tasa tana ciki. Ba ta musa ba. Da yamma ta biyo ta raba na'urar da intanet ɗin gidan, ta kashe duk abin da ake iya kashewa. Tambayoyinsa uku na farko dai ba a taɓa amsa su ba, kuma babu wanda ya san abin da ya faru da bidiyo na tara.

Alhaji ya tambayi Hajiya ko yanzu a mayar da ita falo. Ta ce a bar ta inda take. A lokacin ma ɗakin wajen ya riga ya samu jama'a. Bayan la'asar wasu tsofaffin ma'aikata biyu na layin sukan shigo, ɗaya mai ciwon gwiwa, ɗaya mai hawan jini da ke zuwa don ya ga lambar zuciyarsa kawai. Malam Sharhabil ma in ya zo yakan tuƙa zuwa kwanar farko, ya ce ya isa haka.

Wata ranar Laraba da hantsi, layin ba kowa, Hajiya ta fito ɗakin wajen da hijabinta har ƙasa ta kawo wa Alhaji ruwa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kogin, yadda hasken rana ke wasa a kan ruwan, da wani farin tsuntsu da ya tashi daga kan dutse. Ta tambaya ko akwai wannan wurin da gaske a duniya. Alhaji ya ce Nusaiba ta ce babu, zana shi aka yi. Ta ce wanda ya zana ya daɗe yana kallon ruwa. Sai ta ajiye kofin, ta ce ya rufe ƙofar waje ya matsa mata.

Jirginta ya yi zagaye biyu a bakin gaɓa. Alhaji ya tsaya a bayanta yana gaya mata ta sassauta dama, ta ƙara hagu, ta ce ya yi mata shiru ta gane da kanta. A karo na uku jirgin ya miƙe ya shiga tsakiyar ruwa, ta bi shi har kwana ta biyu kafin ta ce kafaɗunta sun gaji, kuma ta bar wake a kan wuta.